Labarin Yinin Ɗan Makarantar Elemantare da na Midil a Zamanin En'e

Kowa ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan En'e, ko na baitulmali, ko na haraji, ko na majalisar alƙali, ba ya rasa lura da wani abu guda. Rubutun malamin haraji na ƙasar Sakkwato da na malamin ma'aji na Yola kusan hannu ɗaya ne. Ga kwanan wata a bisa, ga layuka an ja su da rula, ga fam da sule da kwabo kowa a gidansa, ga jimla a ƙasa an ja mata layi biyu. Alhali kuwa mutanen nan galibinsu ba su taɓa sa juna a ido ba. Abin da ya gama su shi ne, suna yara ƙararrawa iri ɗaya ta riƙa tashinsu, aka kira sunansu cikin rajista iri ɗaya, aka duba farcensu da littafinsu a kan ƙa'ida ɗaya. Saboda haka wanda ke so ya san ma'aikacin En'e sosai, sai ya koma ya dubi yadda ya ke yini sa'ad da ya ke ɗan makaranta. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta.

Asalin Makarantun

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Arewa cike ta ke da makarantun allo. Cikin shekara ta 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta yawansu ya kai wajen 25,000. Almajiri ba shi da agogo sai rana da lokutan salla. Ya yi karatu da asuba, ya tashi da hantsi, ya koma bayan azahar, da dare kuma ya biya a gindin wutar kara. Alhamis da Juma'a ya huta. Daga cikin waɗannan makarantu, da zaurukan ilmi da ke bisansu, a ke samun limamai da alƙalai da magatakardan sarakuna.

Amma da aka kafa baitulmali, wanda aka fara a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sai wata sabuwar bukata ta taso. An yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi, an ce kowane kwabo da ya shiga ko ya fita sai an rubuta shi yadda Razdan da Di'o za su iya dubawa. Dole ke nan a sami mutanen ƙasa waɗanda suka iya rubutun boko da lissafin kuɗin Turawa.

Wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne Hans Vischer, mutumin ƙasar Suwizalan, wanda saboda jin Hausarsa da sanin al'adun mutane aka sa masa suna Ɗan Hausa. Shi ne ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno cikin 1906. Bayan ya je ya dubo makarantun Masar da na Sudan, sai ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano, cikin 1909. Akwai sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na masu koyon sana'a, da Hausa kuwa a ke koyarwa. Malaman da suka fito daga nan su suka watsu suka riƙe makarantun larduna.

Cikin 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina don horon malamai, Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris 1922. Cikin 1929 aka gama ofishin ilmi na Arewa da na Kudu a hannun Mista E. R. J. Hussey, daga 1930 kuma aka sake tsari. Aka ajiye elemantare a ƙasa, aji huɗu, da Hausa. Aka gama makarantun larduna da na sana'a suka zama midil, aji huɗu, da wani aji na share fage a gabansu. Haka aka sami midil a Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zariya, da Bauci, da Yerwa, da Yola, da Bida, da Ilori, da Okene, da Katsina-Ala. Ginin makarantun nan, da albashin malamansu, da cin 'yan kwana da suturarsu, daga baitulmalin En'e su ke fitowa, watau daga harajin talakawa. Gwamnati kuwa ta ba da Baturen makaranta mai dubawa.

Yadda A Ke Shiga

A farkon al'amari ba kasafai uba ke kawo ɗansa da kansa ba. Takarda a kan aiko wa hakimi daga birni, a ce ana bukatar yara kaza daga ƙasarsa. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa. Jama'a kuwa suna tsoro, don a ganinsu makarantar Nasara ce, yaro in ya shiga zai bar salla ya raina iyayensa. Har waƙoƙin zambo aka yi wa 'yan boko. Wani ya ɓoye ɗansa cikin rumbu, wani ya tura shi wurin dangi a wata ƙasa, wani ya kai toshi don a tsallake gidansa. Masu sarauta da yawa suka hana 'ya'yan cikinsu, suka ba da 'ya'yan barorinsu. Ba a yi shekara ashirin ba sai ga waɗannan yara sun komo suna riƙe da alƙalamin gari, ɗan gida yana jiran sa hannunsu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da ya ke ba takardar haihuwa, a wurare da yawa sai a sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In hannu ya kai, ya isa makaranta. A rubuta sunansa, a haɗa da na ubansa ko na garinsu, a ba shi lamba. Wannan shi ya sa manyan ma'aikata da yawa suka tashi da sunan garinsu a maƙale da nasu, kamar Tafawa Ɓalewa, da Shagari, da Kagara, da Gwarzo.

Yinin Ɗan Elemantare

Ɗan elemantare ba ya kwana a makaranta. In ɗan gari ne yana gidan ubansa, in daga ƙauye mai nisa aka kawo shi a kan saukar da shi gidan hakimi ko na dagaci. Da asuba ya tashi ya yi salla. Da yawa daga cikinsu sai sun fara zuwa wurin malamin allo sun biya kafin rana ta fito sosai, sa'an nan su sha koko ko kunu, su nufi boko.

Tsarin sa'o'i ya kan bambanta kaɗan daga lardi zuwa lardi, amma galibi wajen ƙarfe bakwai a ke buga ƙararrawar farko. Ita kuwa sau da yawa guntun ƙarfen dogo ce da aka rataya jikin itace. Aiki na fari shara ne. Waɗansu su share ɗakuna, waɗansu fili, waɗansu su ɗebo ruwa a rijiya su cika randa. Da an sake bugawa sai kowa ya shiga layi, aji aji. Malamai su bi suna duba farce, da haƙora, da ido, da kai, da riga. Mai dauɗa a kora shi bakin rijiya ya yi wanka, mai ƙazuwa ko makero ko gyambo a tura shi wurin malamin asibiti. Bayan wannan sai motsa jiki, a ɗaga hannu, a sunkuya, a yi tafiyar soja, dama da hagu.

Sa'an nan sai kiran suna. Malami ya buɗe rajista ya kira kowa, wanda ya zo a yi masa alama, wanda bai zo ba a yi masa wata. Wanda ya makara ya sha bulala ko ya yi kamun kunne. Wanda ya kwana biyu ba a gan shi ba a kai maganarsa ga hakimi, a tashi dogari ya je ya zo da shi, wani lokaci har da ubansa. Yaro ba ya sanin muhimmancin wannan littafi, amma shi ne littafin hukuma na farko da ya fara gani da idonsa, yana kuwa ganin yadda ɗan ɗigon tawada ke jawo wa mutum lada ko wahala.

Ɗakin karatu ginin ƙasa ne, rufin azara ko na ciyawa. Yara suna zaune bisa tabarmi, ga baƙin allo a gaba, ga tebur da kujerar malami. A kan fara da addini. En'e ta ɗauki malamin Arabiyya musamman, tana biyansa albashi, don ya koyar da Alƙur'ani da hukuncin tsarki da salla daga irin littattafan da a ke karantawa a zaure, kamar su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi. Sarakuna sun tsaya a kan wannan ƙwarai, don shi ne abin da ke kwantar da hankalin iyaye.

Daga nan sai lissafi, tun da sauran sanyin safiya. 'Yan aji ɗaya suna ƙirga tsakuwa da guntayen kara, manya suna fama da kuɗi. Sai yaro ya haddace anini 10 kwabo ne, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 20 fam. A ba shi tambaya irin wannan: mutum 45, kowa ya biya sule 7, nawa ke nan? Ya buga ya sami sule 315, ya mai da su fam 15 da sule 15. Bai sani ba aikin malamin haraji ya ke koyo.

Rubutu shi ne ya fi ba sabon shiga wuya. Hannun da ya saba tafiya daga dama zuwa hagu a kan allon itace, yanzu an ce ya juya ya tashi daga hagu. A kan fara da yatsa cikin rairayi, sa'an nan allon dutse, sa'an nan fensir, sai a manyan azuzuwa a ba shi alƙalamin ƙarfe da tawada. Wajen ƙarfe tara a tashi shan iska, shi ya sa har yau a ke kiran wannan hutu tara. 'Yan talla suna jira a gindin itace da ƙosai, da ɗan wake, da gyaɗa, da dafaffen rogo. Mai anini ya saya, marar shi ya ci albarkacin abokinsa.

Bayan tara sai karatu. Da fari littattafan Hausa kaɗan ne ƙwarai, har aka kafa ofishin fassara, wanda ya zauna a Zariya a hannun Dokta R. M. East. Gasar da ya sa cikin 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Daga 1937 Magana Jari Ce ta Malam Abubakar Imam ta fara shiga makarantu, a watan Janairu 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Tun daga sa'an nan ɗan aji huɗu ya sami wani sabon matsayi a gari, don da maraice dattawa su kan kira shi ƙofar gida ya karanta musu labarin yaƙin Hitila.

Sauran darussa su ne labarin ƙasa, wanda a ke farawa da zana taswirar ɗakin aji, sa'an nan gari, sa'an nan lardi, da tarihin sarakunan ƙasa, da kiwon lafiya. A nan a ke gaya wa yaro kurkunu daga ruwan tafki ya ke, zazzaɓi daga cizon sauro, lamba kuwa ita ce garkuwar agana. A ƙarshe a fita aikin hannu, ko saƙar tabarma, ko tufkar igiya, ko ɗinki, da damina kuma a shiga gonar makaranta da fartanya. Kusa da azahar a tashi. Amma yinin yaro bai ƙare ba, don akwai allo da la'asar, akwai ciyawar doki ko ta akuya, akwai aiken gida.

Tafiya Midil

In yaro ya gama aji huɗu sai a yi jarrabawa. Daga kowace elemantare 'yan kaɗan a ke ɗauka, don midil ɗaya ce ke ɗaukar lardi duka, wani wuri ma har lardin maƙwabta. Wanda ya ci ya ɗaure 'yan kayansa, ya yi ban kwana da uwarsa, ya kama hanya a ƙasa, ko a jaki, ko a babbar mota, wani ya yi kwana da kwanaki. Da ya isa a ba shi riguna da wanduna da hula, da bargo, da tabarma, da kwano, da sabulu, a nuna masa gidan da zai zauna. Makarantar an raba ta gida gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. A nan ɗan hakimi da ɗan maƙeri su kan sami kansu a ɗaki ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, wanda ya riga shiga kuwa shi ne babba ko ɗan wane ne. Shekarar farko ta share fage ce, a yi ta dukan Turanci har kunne ya buɗe, domin daga nan gaba da shi za a koyar da kusan kome.

Yinin Ɗan Midil

A midil ƙararrawa ce sarki, tun daga asuba har kwanciya. Tana bugawa kowa ya zabura, ya naɗe shimfiɗa, ya yi alwala, a yi salla cikin jam'i. Sai shara da wanka a bakin rijiya, ko da hunturu ne ana kaɗa haƙora. Shugaban gida ya duba ɗakuna, a fita fili a yi motsa jiki, a kira suna, a shiga aji. A kan yi darasi ɗaya ko biyu kafin karin kumallo, sa'an nan a fito a sha koko ko kunu, a koma.

Yanzu ba zaman tabarma, sai benci da tebur mai ramin tawada. Ga jadawalin darussa a manne jikin bango, kowane darasi da iyakacin mintocinsa, in lokaci ya cika ko malami yana tsakiyar magana sai ya tsaya. Ana karanta Turanci, nahawunsa da shifta da insha'i da rubutun wasiƙa. Ana lissafi mai zurfi, da awon fili da na nisa, inci 12 ƙafa, ƙafa 3 yadi, yadi 1,760 mil. Ana labarin ƙasashen duniya, da tarihi, da sanin halittu, da zane, da Larabci da fiƙihu. A waɗansu makarantu wanda aka ji yana Hausa a lokacin aji sai ya sha horo. Kyan hannu kuwa abin kula ne ƙwarai. Ɗigon tawada ɗaya a shafi ya isa a sa yaro ya sake aikin duka, kankare kuskure da reza laifi ne babba. Ƙa'ida ita ce a ja wa kuskure layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a bisansa. Wannan ƙa'ida ita ce ta littafin baitulmali da na kotu.

Akwai wani wuri da ilmi biyu su ke gamuwa, yaro mai hankali ya kan gane shi da kansa. Da safe malamin lissafi ya koya masa kashi ɗaya cikin takwas, da rana malamin Arabiyya ya gaya masa sunansa sumuni, shi ne rabon matar mamaci in ya bar ɗa. Ashe in mutum ya mutu ya bar fam 12 bayan an biya bashi da wasiyya, sule 240 ke nan, sumuninsu sule 30, watau fam 1 da sule 10. Haka sudusi, da rubu'i, da sulusi, da nusufi. Wanda ya riƙe wannan, ran da ya zauna gefen alƙali da alƙalami ba za a ci haƙƙin marainiya a gabansa bai sani ba.

Malaman da ke tsaye gaban allo galibinsu 'yan Kwalejin Katsina ne, samari masu jini a jika. Malam Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato cikin 1938, ya koyar a midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Malam Abubakar Imam ya fara koyarwa a ta Katsina cikin 1932. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya komo ta Bauci cikin 1933 har ya zama hedimasta, Malam Aminu Kano kuma ya same shi can cikin 1942. Yaran da suka zauna gabansu ba su san Firimiya da Firayim Minista ne ke duba musu littafi ba.

Da azahar a tashi, a yi salla, a ci abinci, a ɗan kishingiɗa. Waɗansu ranaku a shiga ɗakin sana'a, wurin kafinta, ko maƙeri, ko baduku, ko tela, ko kuwa gona da lambu. Masu laifi a wannan lokaci su ke gwale-gwale, yankan ciyawa ko cikon rami. Ƙananan laifuffuka manyan ɗalibai ne ke sauraronsu su yanke horo, sai abin da ya fi ƙarfinsu ya kai ga malami. Nan yaro ke fara ɗanɗana iko, nan kuma a ke fara gane mai adalci da mai cin zali.

Bayan la'asar wasa dole ne, ba zaɓi. Akwai ƙwallon ƙafa, da hoki, da guje-guje da tsalle-tsalle, da fayis, watau ƙwallon da a ke bugawa da tafin hannu jikin bango, wanda Sardauna ya riƙe har ya girma. Gida da gida su kan kara, a ƙarshen shekara a ba da kambi. Da magariba a yi salla, a ci tuwon dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa. Sa'an nan a kunna fitilun ƙwai a koma aji don bitar dare, kowa ya yi aikin da aka ba shi, ba mai magana. Waɗansu darare a yi muhawara ko wasan kwaikwayo. Bayan lisha a buga ƙararrawar ƙarshe, a kashe fitila. Mai ƙwazo ya kan ɓoye 'yar aci-balbal ya ci gaba da karatu a sace, in an kama shi kuwa gobe yana cikin masu yankan ciyawa.

Ran Juma'a a sa fararen kaya a jeru a tafi masallacin gari, mutane suna kallo. Sau ɗaya a mako a yi babbar dubawa, a shimfiɗa kayan kowa a ƙirga, wanda ya ɓad da bargo ko kwano ya yi bayani, don kayan En'e ne. Babban hutu kuwa a wurare da yawa a kan daidaita shi da watan azumi, don yara su yi salla a gida. Wani lokaci Sarki da kansa, ko Wakilin Makaranta, ko Razdan, ya kan zo ya zaga azuzuwa ya sa hannu a littafin baƙi.

Abin Da Yinin Ya Haifar

In an gama aji huɗu na midil, 'yan ƙalilan da suka fi ƙoƙari su wuce kwaleji, wadda ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938, ta koma Zariya cikin 1949, ita ce Barewa ta yau. Alhaji Shehu Shagari ta wannan tsani ya hau: elemantare a Yabo daga 1931, midil a Sakkwato daga 1936, kwaleji a Kaduna daga 1941, ga shi cikin 1979 ya zama Shugaban Ƙasa. Waɗansu su tafi makarantar horon malaman elemantare, ko ta tsabta a Kano, ko ta aikin gona a Samaru, ko Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma mafi yawa kai tsaye su ke shiga aikin En'e, su zama malaman hakimai, da na haraji, da na baitulmali, da na kotu, da na daji, da na kasuwa, da na gidan yari.

Abu uku suka tafi da su daga makaranta. Na fari kiyaye lokaci, ba tare da sun saki lokutan salla ba, don yininsu an gina shi ne a kan ƙararrawa da kiran salla gaba ɗaya. Na biyu, abin da aka rubuta shi ne shaida, ba a kankarewa, ba a cike rajista daga baya. Na uku, kayan hukuma amana ne, za a zo a ƙirga.

Amma gaskiya ba ta ƙin a faɗi ɗaya gefen. Ƙofar makarantun nan ƙunci gare ta. Talakawa duka suka biya harajin da aka gina su, 'yan kaɗan suka shiga. Mata kuwa sai cikin 1930 aka buɗe musu wuraren karatu a Kano da Katsina, aka daɗe kuma adadinsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka a gunduma guda mai dubban mutane, wani lokaci waɗanda suka iya karanta rasit ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Manomi ya miƙa kuɗinsa, a miƙo masa 'yar takarda, bai san abin da ke cikinta ba, sai abin da malami ya ce. Wanda ya ji tsoron Allah ya rubuta daidai, har yau jikokin mutanen ƙasar suna sa masa albarka. Wanda bai ji ba ya karɓi bakwai ya rubuta biyar, irinsu ne suka ɓata wa En'e suna. Ƙararrawa ɗaya ta tashe su duka, amma hali zanen dutse ne.

Daga cikin 'yan makarantun nan ne kuma aka sami waɗanda suka fara cewa a gyara. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo shawara a binciki tsarin mulkin En'e a sabunta shi, abin da ya kai ga sabuwar dokar En'e ta 1954. Cikin shekarun nan ne aka rushe tsarin midil, aka mai da ƙananan azuzuwanta babbar firamare, manyan kuma suka zama sakandaren lardi. Midil ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya ita ce Alhudahuda, ta Sakkwato ita ce Nagarta. Daga 1968 aka shiga karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta, a shekarar da aka buɗe ƙofar firamare ga kowane yaro kyauta.

Yau fam da sule sun wuce tun 1973, ɗakunan azara sun rushe, yaran da suka yi layi a filayen nan galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Littattafansu dai suna nan a ɗakin ajiyar tarihi na Kaduna da ofisoshin masarautu, da kwanan wata a bisa, da jimla a ƙasa, kowa ya buɗe zai ga wanda ya riƙe amana. Ma'aikacin da ya gaji kujerarsu, shi ma wata rana haka za a buɗe nasa.

Allah ya ji ƙan malaman da suka koyar, da iyayen da suka daure suka ba da 'ya'yansu, da talakawan da guminsu ya biya. Allah ya gafarta wa waɗanda suka yi kuskure, ya ba na baya ikon riƙon amana. Amin.